Igiyar da Kawu Yake Ɗaurawa a Ƙafa

Warin ƙaro ne ya fara tarbata, tun kafin in ga fuskar kowa. Shekaruna goma sha ɗaya a lokacin, an sako ni jirgin ƙasa daga Paris in yi hutun lakwal, wato makaranta, a gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata, a Saint-Fons, kusa da Lyon. Ko yau na wuce inda ake fenti, gabana sai ya faɗi.

Warin daga gareji yake fitowa. Kawu yana aiki a masana'antar sinadarai, amma Asabar da Lahadi yakan shige can ya sassaƙa allon hawan ruwa. Farin soso mai tauri yake gogewa har ya yi siffar kifi, ya rufe shi da ƙyalle marar kauri, ya shafe da ƙaro. Garin soson yana maƙale masa a gira. Ni ba mai magana ba ce, sai in zauna a kan bokiti ina kallo. Ya gaya mini mutanen wasu tsibirai masu nisa ne suka fara wannan wasa, da allunan itace masu nauyi. Ba su da igiya: wanda ya faɗi sai ya bi allonsa da iyo. Daga baya aka ƙirƙiro igiyar da ake ɗaura allo da ita a idon sawu.

Kaka, mahaifinsu, yana zaune a bakin ƙofa da carbinsa. A bakin kogin Shari ya girma, yakan ce suna yara a kan guntun itace marar nauyi suke kifa ƙirji su haye. Wasan bai dame shi ba, har tsokanar Kawu yake wai ya zo ƙasar Turawa ya koma ɗan masunta. Igiyar ce ba ya so. Wata rana ya juya ta a hannunsa ya ce, "Wannan ta teku ce. Kogi gudu yake, kuma akwai abubuwa a ƙasansa. Kada ka ɗaure ƙafarka." Kawu ya yi dariya ya ce wata biyu ya yi yana aikin allon nan, ba zai bar ruwa ya tafi da shi ba.

Ni kuwa wani abu na gani. Maɗaurin igiyar, irin mai mannewa da kansa, ya cika da zare da yashi, gefensa ya ɗaga. Na san ba ya kamawa sosai. Sau uku na buɗe baki in faɗa, kunya ta hana ni.

Teku tana da nisa da Lyon, saboda haka a kogin Rhône Kawu da abokansa suke hawa, a wani wuri da ruwa ke tudu ya tsaya cak idan kogin ya cika. Ranar da muka je an kwana biyu ana ruwan sama. Kogin ya yi launin shayi da madara, ƙararsa kamar jirgin ƙasa mai wucewa ta unguwarmu Sevran. Na ga reshen itace ya zo ya nutse, bai sake fitowa ba. Na kama hannun rigar Kaka.

Kawu ya hau, ya miƙe, ya karkata dama da hagu. Sai ya faɗi. Allon ya tsaya wuri ɗaya yana rawa, hancinsa a sama, ba ya tafiya. Igiyar ta sarƙe a wani abu a ƙasa, ruwa ya danne Kawu a ɗaya ƙarshenta. Abokansa suna gudu a gaɓa. Carbin Kaka ya daina motsi. Ni na ƙura ido inda babu komai sai kumfa, ina ji kamar ni ce ba na numfashi.

Can ƙasa da mu kan Kawu ya ɓullo. Maɗaurin ne ya ɓalle. Suka jawo shi yana tari, idon sawunsa ya yi jan zobe.

A mota, Kawu ya so ya mai da abin wasa. Ya ce tsohuwar igiya ce, gobe zai saka mata sabon maɗauri mai ƙarfi. Kaka ya kalli taga. Ni kaɗai na san abin da ya cece shi, kuma shi ne yake shirin gyarawa.

Yanzu masu hawan kogi a ƙugu suke ɗaurawa, da abin da ake fizgewa ya saki nan take. Kaka ya rasu bai ga wannan ba. Kawu ya yi furfura, garejin ya zama wurin ajiyar kekunan jikoki. Igiyar tana cikin akwatina a Paris, yashin yana nan a maɗaurinta.

Da yammacin ranar da ya faɗa kogin na sami Kawu a gareji yana warware igiyar. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa. Na gaya masa abin da na gani tun ranar farko, kaina a ƙasa. Sannan na miƙa hannu biyu na ce, "Kawu, don Allah ka ba ni ita. Kada ka sayi wata."