Ragon tarbon ɗan takara

Garinmu na bisa dutsi, kusa ga Allakaye, kuma manya ba su sanin hanyarshi sai lokacin kamfe. Sannan ne motocin katkat ke hawowa suna tsalle cikin duwatsu, kowace da mai son zama depite, wato ɗan majalisa, ciki. Mu ko muna da al'adarmu ta tarbon babban baƙo. A jawo rago mai kyau a ce ga tarbonka, shi kuma ya ɗora hannu bisa bayan ragon, ya ce ya gani ya gode, a bar ma talakawa. Shi ke nan, rago ya koma gidan mai shi. Ba mu ba shi komi ba, bai ba mu komi ba, kowa ya tashi da mutunci. Ni dai ban ga inda siyasa ta wuce haka ba.

Shekarar da nake ba da labari, ragon da ya fi kowane cikin gari na matata ne. Wata bakwai tana ba shi dusa da harawa, don ɗiyarmu ta fari na da tsohon ciki, shi ne ragon suna. Mai gari ya aiko a ara. Ta ce ba ta so. Na ce mata haba, ni da nike karanta takardar koke-koken gari don na yi lakwal, makarantar boko, har aji shidda, a ce ragon wani aka jawo? Ta bari, tana harara ta.

Ragon nan ya yi aiki. Cikin sati biyu ya tarbi ƴan takara huɗu, kowane da launin partinshi, mu ko muna canza mashi ƙyalle ga wuya. Duk huɗun sun yi muna alkawalin pampo da hanya. Har ragon ya saba, da ya ji hon ɗin mota sai ya miƙe da kanshi ya nufi gindin gawo inda ake tarbon baƙi. Muna ta dariya, muna cewa ya fi mu sanin siyasa.

Na biyar yaro ne, ɗan wajenmu ga suna, amma can birni ya tashi, Hausarshi ma da ƙyar take fita. Na karanta takarda, ya gyaɗa kai, ya ce pampo an gama. Aka jawo rago. Ya dube shi, fuskarshi ta cika da murna, ya ce bai taɓa ganin karamci irin namu ba. Sai ya juya ga direbanshi ya ce a sa bayan mota.

Wallahi dariya ta fara kama ni, na ɗauka wasa ne. Sai na ga ƙarti biyu sun ɗaga shi. Na matsa ga mai gari na raɗa mashi: "Baba, ragon suna ne fa."

"In ce ma baƙo ya maido kyauta? Gaban mutane? Yi taɓi, kai dai."

Na buga hannuwa na yi taɓi. Duk gari ya yi taɓi, wasu na riƙe ciki, wasu hawaye na zuba don dariya, ɗan takara na ɗaga muna hannu yana tsammanin ƙauna ce. Ragon na leƙo mu ta gilas har sunka gangara.

Ban shiga gida ba. Na hau kabu-kabu na bi sawun su zuwa wani gari ta hanyar Bouza, inda aka ce za su yi mitin. Ina isa na iske an tashi, mutane zaune gungu-gungu bisa tabarmi, tukwane na tafasa. Wani dattijo ya ce mani in zauna, yau sun ga ɗan siyasa na kirki, shi kaɗai ya taɓa zo masu da rago daga aljihunshi, sun yi mashi alkawalin ƙuri'unsu duka. Na tambayi ragon. Ya nuna mani fata shanye bisa danga, da baƙin tabon nan na wuya.

To mi zan yi? Na wanke hannu. Na ci, na ƙara, na sa aka ƙaro romo, ina ci ina dariya har dattijon ya tambaye ni ko lahiya. Na ce mashi lahiya lau, na san mai kiwon ne. Da zan tashi na roƙi fatar, sunka ba ni don sun ga alamar ba ni da cikakken hankali.

Matata na bakin ƙofa, labari ya riga ni. Ta dubi fatar, ta dubi maiƙon da ke bakina.

"Ya yi daɗi?"

Na ce gaskiya ya yi.

"To madalla. Gobe kasuwa ce, ka ja jakinka ka tahi da shi."

Kwana tara bayan haka ɗiyarmu ta haihu. Da kuɗin jakina, mai ɗauko muna ruwa, aka sayo ragon suna, ƙarami, duk ƙashi. Ranar zaɓe da safe ina ɗauko jarka biyu na ruwa daga kwari a kafaɗa, na wuce masu layi ƙofar lakwal, suna kira na in zo in jefa ƙuri'a. Na ce masu su jira ni in sauke.