Butar da Ta Tona Mini Asiri

Ko ranar da haƙorana suka gama zubewa, ko na fara manta sunayen jikokina, ba zan manta da abin da ya faru tsakanina da matar ɗana na fari ba.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma a Ƙofar Jatau kowa ya san ɗakina. Macen da ta daɗe ba ta samu ciki ba, wurina ake kawo ta. Na san saiwar da ake jiƙawa, na san sassaƙen da ake dafawa da jar kanwa. Da yawa sun zo da hawaye, sun dawo da goyo.

A shekarun da ake bin layin sabulu da madara ne ɗana ya auro wata yarinya daga Gyallesu, mai sanyin hali, ga iya tuwo. Shi kuwa a Jos yake kanikanci. Ya so ya tafi da ita, na aika masa ƙanwata ta ce ban yarda ba. A gidanmu, matar ɗan fari ba ta barin gida sai ta yi haihuwar farko a gaban uwar miji. Haka aka yi mini, haka na ce za a yi mata. Sai ya riƙa zuwa ƙarshen kowane wata, ya iso Juma'a, ya koma Lahadi.

Don tsabar yarda da hannuna, wata uku da biki na sa aka jibge mini itacen wankan jego a bayan ɗaki, na sayi babbar tukunya. Shekara ta zagayo, shiru. Na fara ba ta jiƙo. Ta biyu, na ƙara da rubutu da turare. Ta uku, gara ta cinye itacen nan tas. Yarinya kuwa ba ta taɓa yi mini musu ba. Komai ɗacin magani sai ta runtse ido ta shanye, ta ce, "Na gode, Iya."

Wata safiya ta durƙusa a bakin ƙofata, idanunta jawur.

"Iya, ki sa baki ya sawwaƙe mini. A wurin suna jiya an ce na cika muku gida da kashi. Na gaji."

Na ce, "Tashi, 'yar nan. Ba a taɓa kawo mini macen da ta gagare ni ba, ba kuwa za a fara a kanki ba."

Na faɗa da ƙarfi, amma magungunan da na sani sun ƙare.

Juma'ar nan mijinta ya iso. Da la'asar ina alwala a tsakar gida, sai idona ya faɗa kan butarta, wata koriya da take ajiyewa a gindin randa. A bushe take ƙayau, har da ƙura a bakinta. Wato tana fashin salla. Na tsaya da ruwa a hannu ina tunani. Zuwansa na watan jiya, ai ranar Lahadi ta yi wanka, yana ɗaure jaka. Na watan shekaranjiya ma haka. Na yi ta lissafi da yatsu ina komawa baya, duk zuwan da na iya tunawa, ko dai butar na bushe, ko bai fi kwana ɗaya da jiƙewa ba. Ni da nake gaya wa 'ya'yan mutane cewa tsakiyar tsarki ake nema, shekara uku ban duba cikin gidana ba!

Na kira ƙanwata na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ke da ake zuwa wurinki daga Ƙofar Galadima! Kin aje gona a Zariya, manomi na Jos, kina ta zuba taki. To wa zai yi shukar, direban mota?"

Na ce, "Rufe mini baki, mara kunya."

Saura yadda za a gaya wa yaron. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa kallon tsabar idonsa ba, balle in yi masa zancen shimfiɗa. Ƙanwata ta ce ita za ta je. Na ce a'a. Ni na ƙulla, ni zan kwance.

Ranar Lahadi da hantsi ya zo sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya tarar na sa an ɗaure tukwanenta da tabarmarta, butar nan a sama. Na juya fuskata ga bango.

"Kai, ga matarka nan. Ka tafi da ita."

"Iya, ba ke kika ce sai ta..."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ka tafi da ita. Kada in ga ƙafar ɗayanku a garin nan sai babbar salla."

Ya ce, "To maganinta fa?"

"Kai ne maganin. Tashi ka ba ni wuri."

Ban san wanda ya fi wani jin kunya ba. Har ya buge goshi da ƙofa wajen fita.

Maƙwabta suka yi ta surutu, wai na karya al'adar gida. Na ce al'adar ta shekara uku tana ci, ba ta haifa mini ko ɗan tsako ba.

Da babbar salla suka dawo. Ina ganin yadda ta sauko daga mota tana kauda kai daga ƙamshin suyar nama, na aika a kawo itace. Wannan karon gara ba ta samu rabo ba. Ni na yi mata wankan jego da hannuna har kwana arba'in. Jaririyar da na yi wa gashin cibi a lokacin, ita ce take rubuta muku wannan yanzu, tana ta murmushi.

Haihuwa ta Allah ce, wannan ba musu. Amma tun daga ranar, duk wadda aka kawo mini, kafin in taɓa saiwa ko ɗaya sai na tambaya: ina mijin yake kwana, kuma yaushe? Abin da na koya shi ne, komai saninka, ka fara duba ko kai ne ka tsaya a bakin ƙofar da kake roƙon Allah Ya buɗe.