Saƙon Muryata Ya Kashe Shari'ar Yayana

Ina fitowa daga ofishin babbar lauyar gwamnati, ko matakala ban gama sauka ba na danna waya. Lokacin ina gyaran waya a Tamale, ga rawar kai, komai sai an ji a bakina tukuna. Wata takwas ke nan da aka harbe yayana a hanyar Yendi yana dawowa da doya, kuma lauyar ce ke tsaya wa ƙasa a shari'ar mutum biyun da aka kama. Ranar na matsa mata da kuka har ta tausaya, ta ce in kwantar da hankali, akwai tsohuwa mai gasa doya a bakin titi da ta ga fuskokinsu, ta yarda za ta yi shaida. Sau biyu ta ja kunnena, ko Hajiyarmu kada ta ji.

Wallahi murna ce kawai. Na yi saƙon murya na tura guruf ɗin dangi, har bishiyar da tsohuwar ke zama ƙarƙashinta na kwatanta. Na manta mu 'yan zango ne, unguwanninmu na Hausawa, kowa surukin kowa. Gwaggona da ke aure a Bawku ta kunna shi a tsakar gida, ashe ƙanwar mijinta na auren kawun ɗaya daga cikin mutum biyun da aka kama. Kwana uku, aka tarar da murhun tsohuwar a kife, ita kuma ba wanda ya san garin da ta nufa. Aka ɗaga zaman kotu, aka sake ɗagawa, ƙarshe alƙali ya sallame su.

A bakin kotu lauyar ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa ta yi shekara ashirin tana wannan aiki, shaida bai taɓa rasa wurin cin abinci ta dalilinta ba sai yanzu. Ta naɗe baƙar rigarta ta wuce.

'Yan'uwa, in lauya ya ce ku yi shiru, ku yi shiru, ran wani ne a bakinku. Hajiyarmu a Salaga ba ta da wayar zamani, dangi kuma sun rufa min asiri. Har yau kowace sallah sai ta kai ƙarar lauyar nan wurin Allah, wai saye ta aka yi, ni kuma ina gefe ina cewa amin. Don Allah ku faɗa min, in gaya mata gaskiya ta rasa ɗa na biyu, ko in bar ta tana yi wa mai gaskiya Allah ya isa?