Jurnal ɗin da Alhaji ya ce a kashe

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina gyaran ordinata, wato kwamfuta, a Gaya, wasu ma da gangan na manta da su don kaina ya huta. Amma abin da ya faru a wani kamfanin fiton kaya, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ya ƙi barina, kuma na san da shi zan shiga kabari.

Aikin kamfanin shi ne fitar da takardun manyan motocin da ke tasowa daga Kwatano, su tsallako gada daga Malanbil, su yi layi suna jiran duwan, wato ƴan kwastan. Mai shi wani Alhaji ne, dattijo mai sakin hannu da saurin fushi, kuma kusan duk wanda ke biro ɗin, wato ofishin, jininsa ne: ƙannensa, ƴaƴan yayyensa, da surukinsa. Mu biyu ne bare. Akwai sekreter, wata mata mutuniyar Bengu, wadda mahaifinta ya kawo da kansa ya damƙa wa Alhaji amana, da wannan aiki take ciyar da ƴaƴanta. Sai kuma ni, wanda ba a tunawa da shi sai abu ya lalace, a kira ni a gaya mini cewa lafiyarsa lau kafin in taɓa shi wancan watan.

Ni na kafa musu serber, wato ordinatar da duk saƙon imel na kamfani ke bi ta cikinta. Mun ajiye ta a wani ɗan ɗaki bayan biro, inda zafi ke dafa mu ni da ita, ga wuta da ke ɗaukewa duk lokacin da ta ga dama. Irin wannan na'ura tana rubuta abin da ya wuce ta cikinta, mu a sana'armu muna kiran rubutun jurnal. Akwai wanda take rubutawa ko ba a ce mata ba: sunan akwatin imel ɗin da saƙo ya fito, inda ya nufa, da lokacin. Akwai kuma na ganin dama, wanda sai an kunna shi. Shi ne ke nuna daga wace ordinata aka buɗe akwatin, daga cikin biro ne ko daga waje, a wane tebur aka zauna. Layi kaɗan ne za ka gyara a cikin saiti, ka kashe ta ka kunna. Kafin shayi ya huce an gama.

Ranar da na kafa ta na yi wa Alhaji bayanin wannan, na ce gara a kunna. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya tambaya:

"Wato abinga shina rubuta wa ya zamna ina, mi ya yi?"

Na ce haka ne.

"A'a, Malam. Ɗiyana ne da ƙannena. Ba ni aje musu ɗan leƙen asiri cikin gidana. Bar shi kashe."

Ban ɓoye muku ba, a ranar maganar ta burge ni. Na ce a raina ga mutumin da ya yarda da mutanensa. Na bar shi a kashe.

Na buɗa wa kowa akwatinsa da modepas ɗinsa, wato kalmar sirrin shiga. Ba a rufa wata ba kowa ya manta nasa, ban da sekreter. Ita kuma ba ta iya cewa a'a ga ƙanen maigida in ya tsaya a kanta yana cewa mota na jira a gada, ta ba shi nata ya aika takarda. Daga shi sai wani, daga wani sai kowa. Abokan hulɗa na Kwatano suka saba da adireshinta, can suke mayar da amsa. Na yi magana har bakina ya gaji. In na canja mata modepas da safe, kafin azahar duk biro sun haddace sabon, su da ba su iya riƙe nasu. Daga baya na bar magana, don na gano cewa a wurin nan hana ɗan'uwa modepas ɗinka daidai yake da hana shi butar alwala.

Sai mulki ya koma hannun soja. Aka ce an kafa kwamiti a Yamai na binciken yadda kaya ke shigowa, aka ba da adireshin da duk mai ƙorafi zai rubuta. Wata safiya masu kaki suka iso biro, cikin ladabi amma ba murmushi, suka kwashe dosiyoyin takardu suka rufe ofishin Alhaji. Sun ce daga cikin kamfanin aka rubuto musu cewa ana fitar da kaya ba bisa ƙa'ida ba. Binciken bai samo wani abin kirki ba, amma ya ɗauki makonni. Motocin shinkafa suka yi ta gasuwa a rana, direbobi na zagi da Zabarmanci da Dandanci, manyan abokan hulɗa suka koma wurin wasu.

Ranar da aka buɗe ofis Alhaji ya aiko a kira ni, ya ce in duba wanda ya aika saƙon. Na zauna gaban serber, ƙanensa na tsaye a bayana yana karanta allon tare da ni. Ga shi nan a fili: saƙo zuwa adireshin kwamiti, daga akwatin sekreter. Na juya na ce masa wannan akwati kawai ya nuna, bai nuna hannu ba, kuma shi kansa da wannan akwatin yake aiki. Kafin in rufe baki ya riga ya fita da labari.

Na maimaita wa Alhaji wannan bayani a tsaye, na maimaita a zaune. Na ce abin da zai raba gardama shi ne wanda muka bari a kashe, kuma abin da na'ura ba ta rubuta a lokacinsa ba, ba mai iya sa ta tuna shi. Ya ce ni dai in faɗa masa sunan da ke rubuce. Aka tara mutane, aka kira sekreter. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya ta ce:

"Alhaji, a nan wa ne bai san modepas ɗina ba?"

Alhaji ya ce an sallame ta. Ta ɗauki jakarta da dardumar sallarta ta fita, ba wanda ya raka ta ko bakin ƙofa.

Washegari Alhaji ya ja ni gefe ya ce in kunna wancan abu duka, kada kowa ya sani. Na gyara layukan, na kashe na kunna, raina a jagule, don aikin da zai ceci mutum ne aka sa ni bayan mutumin ya tafi. Na ce a rufe akwatinta, suka ce ina, ƴan Kwatano shi suka sani. Aka bar shi a buɗe da modepas ɗinsa, aka ci gaba da aiki da sunan matar da aka kora.

Bayan ɗan lokaci saƙo na biyu ya tafi kwamiti, daga akwatin nata dai. Nan take aka fara cewa ai ga shi, tana buɗewa daga wani siber, shagon intanet, a Malanbil don ta rama. Na shiga ɗakin serber na duba. Jurnal ya yi aikinsa tsaf. Saƙon daga cikin biro ya fita, da rana tsaka, daga teburin da na sani na kuma san mai zama a kansa. Na buga shafin na ninke, na sami Alhaji shi kaɗai bayan la'asar.

"Daga waje ne ko daga ciki?" ya tambaya.

Na ce daga ciki. Na miƙa masa takardar. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, bai taɓa ta ba.

"Kada ka hwaɗa mini teburin. Tai ka kashe abinga."

Na ce, "Alhaji, to ita fa?"

Ya ce in ya maido ta, ya shaida wa duk Gaya cewa ɗaya daga cikin nasa ne ya kai shi ƙara, shi kuma gobe da su zai ci tuwo, su za su ɗauki gawarsa. A ranar na ga tsufansa, na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa fiye da tausayin. Na'urarsa ce, na kashe masa. Na ajiye masa makullin ɗakin a tebur, na ce ya nemi wani mai gyara.

Da Juma'a ta zagayo na hau moto, wato babur, zuwa Bengu. Na same ta a tsakar gida tana shanya shinkafa, ta rame. Na gaya mata abin da na gani, da abin da Alhaji ya ce. Ba ta tambayi sunan mai teburin ba, ba ta kuma tambayi ko za a mayar da ita ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko da idona na gani. Na ce da idona.

"To, Malam, zo ka maimaita gaban Baba. Tun ran da na dawo bai amsa gaisuwata ba."

Tsohon na zaune a zaure. Na durƙusa na yi masa bayanin serber da jurnal da akwati, na san rabin maganar ba ta shige shi ba. Da na gama ya ce shi tambaya ɗaya gare shi, ɗiyarsa ta ci amanar da ya kai ta ko ba ta ci ba. Na ce ba ta ci ba. Ya rufe fuska da bakin rawaninsa, sannan ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama, ya ce ta kawo wa baƙo ruwa.

Aikinta bai dawo ba, a Gaya kuma har yau akwai masu cewa ita ce. Tun daga lokacin, duk inda aka kira ni in kafa serber, sai na tara kowa na gaya musu abin da za a rubuta da dalilinsa, in an ƙi in tattara kayana. Abin da na koya shi ne, in aka ce ba a son shaida don duk gida ne, to a duba a ga wane ne ba ɗan gida ba a wurin. Ranar da abu ya ɓaci, shi zai ɗauki laifin.