Takardar Likitan da Tsvetanka Ta Ɓoye

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, 'yarki Desislava ta buga mini waya cewa kin cika da hantsi. Tsvetanka Doycheva, kin tafi kin bar ni da magana a ciki.

Shekara talatin da ɗaya kina haska mana fim kowace Lahadi da yamma a zauren ɗakin karatu na garinmu. Ke ce mai jera kujeru, ke ce mai gasa banitsa, burodin nan mai cuku a ciki, ki raba da zafinta. Da hawa bene ya gagari tsofaffi, ke kika sauko da na'urar haska fim ɗin ƙasa, mataki-mataki, kina ɗingishi. Bayan rasuwar mijina, wata uku kina zuwa har ƙofa ki ja ni zauren.

Matasa ba su san asalin ɗingishin nan ba. Ni na sani, domin tare muka yi makarantar rawar bale, wadda ake yi a kan yatsun ƙafa. Kina shekara sha bakwai malaminmu Lyuben Karadzhov ya tura ki gasa da tsagewar ƙashi a idon sawu, bayan likita ya hana. Kika faɗi gaban alƙalai, ba ki sake rawa ba. Shi kuwa ya ce ke kika ɓoye masa ciwon.

Bara aka yi fim kan rayuwarsa, aka sa wata yarinya maƙaryaciya mai kwaɗayin lambar yabo, kowa a garin ya gane wa ake nufi. Muka ce kada a haska shi. Kika ce mini, "Nevena, fim mutane ke zuwa gani, ba ƙafata ba." Kika zauna gefen na'ura har ƙarshe.

Ko kin yafe ban sani ba. Ni dai ban yafe ba. Desislava ta tsinci takardar da likitan nan ya hana ki rawa a cikinta a akwatinki, da sa hannun Lyuben cewa ya karanta. Ranar arba'in ɗinki, bayan an raba sadakar dafaffiyar alkama, za mu sake haska fim ɗin, sannan in miƙe in karanta takardar. Mun gayyaci Lyuben, ya amsa, yana zaton karrama shi za a yi. Na ware masa kujera a sahun gaba.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta, ya bi miki haƙƙinki. Desislava da jikokinki, da ƙanenki Zdravko, Allah ya ba ku haƙurin da ni na rasa.

Nevena Peycheva