Agogon Orpha Tackett

Duk jihar Kentucky ta Amurka babu mai surutun Orpha Tackett, har alfadarinta sai da ya kurmance. 'Ya'yanta biyu, Lemuel da Hiram, suka gado ta. Ko bawa ɗaya ba su da shi, amma kullum suna musu kan bauta har miya ta huce.

"Ku ci abinci, shugabannin ƙasa!" in ji ta.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Lemuel ya bi sojan Arewa, Hiram ya bi na Kudu. Aka kashe Lemuel, ta tsayar da agogon bango kamar yadda muke yi in an yi mutuwa. Bayan wata biyar labarin mutuwar Hiram ya iso. Ta leƙa gidan maƙwabciyarta.

"Dorcas, ara mini agogonki in tsayar. Nawa ya riga ya tsaya."

Tun ranar alfadarin ya fi ta magana.