Tafin Hannun Gwaggo Mai Kitso

Shekara talatin Gwaggo ta yi tana kitso a wani ɗan ɗaki kusa da shagon tela. Ba ƙanwar babana ba ce, kowa haka yake kiranta. Kayan aikinta ba su wuce kujera 'yar tsugunno ba, da tsinken tsaga, da mataji mai haƙora uku, da madubin da ya tsage tun ina yarinya. Hannunta akwai zafi, bakinta ya fi.

In ta tsefe wa mace kai, sai ta dunƙule gashin da ya fita ta ɗora mata a cinya. Mai kai ta fara salati, Gwaggo ta ce, "Yi mini shiru. Wata guda kina yawo da kitso, wanda ya kamata ya faɗi kullum ina kike so ya je? Nan ya taru yana jirana."

Sau ɗaya na ga ba ta yi haka ba. Ranar da na raka mahaifiyata, bayan an fara mata maganin ciwon da ya zama ajalinta, Gwaggo ta sa mataji sau biyu, ta dubi abin da ya biyo shi, ta rufe hannunta ta tura ƙarƙashin tabarma. Ta shiga ba da labarin rigimar tela da matarsa. Mahaifiyata ta yi ta dariya, ni kuwa na ga hannun.

Wata uku da haihuwar 'yata, gashina ya fara zuba. A kan matashi, a banɗaki, har cikin yatsun jaririya. Ban gaya wa mijina ba. Tsoro nake ji, tsoron in bar yarinyar nan tun ba ta san fuskata ba. Na yi ta saƙe-saƙe da zuciyata har kwana goma, sannan na daure na goya jaririyar tana barci na je wurin Gwaggo.

Ta cire mini ɗankwali, ta fara tsifa. Ba madubi nake kallo ba, hannunta nake kallo. Mataji ya fito cike.

Ta ɗora mini a cinya.

"Ɗauki ɗaya," in ji ta. "Kin ga ɗan farin nan a gindinsa? Ya gama kwanansa ne. Gashi yana shekaru yana tsawo, ya huta, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Da kina da ciki naki ya ƙi faɗuwa, kika yi ta yi mana yanga. To, yanzu ne suke tafiya gaba ɗaya."

Ta karkato madubin, ta danna mini goshi da babban yatsa. Wasu 'yan gajerun gashi ne a tsaye, cirko-cirko.

"Ga sababbi nan. In hankalinki bai kwanta ba, ki je likita ya duba jininki, ni ba asibiti ba ce."

Na ce, "Gwaggo, na Innata fa? Na ga lokacin da kika ɓoye."

Tsinken ya tsaya a tsakiyar kaina.

"Ashe kin gani," ta ce a hankali. "To ai kin ga naki a cinyarki yake. Sunkuyo, 'yata, kada yarinya ta tashi ban gama ba."